Labari da Rana Tsaka a Rumfata

Ni ban taɓa zama a aji ba. Allo na riƙe ina yarinya, na samu abin salla, shi ke nan. Amma a Ƙofar Kaura in ana maganar iya baki, ba a tsallake ni. Tun ina da ƙarfina ni ake aikawa binciken asali in za a ƙulla aure. A faɗa mini yaro, in ɗauki mayafina in fita, in dawo da labarin kakansa, da garin da kakan ya baro, da abin da ya fito da shi. Da almuru kuwa, in an ci tuwo, rumfar da ke ƙofar ɗakina cika take da yara, namu da na maƙwabta, har wasu su hau bisa turmi. Ni ce mai tatsuniyar unguwa, kuma ban tsinci abin a ƙasa ba, wurin kakata na gada.

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, ba karon farko ba, na biyun, rumfar nan ta fara yin fili. Maƙwabcinmu ya sayi talabijin, wannan ɗaya. Na biyu kuma babbar jikata ta shiga sakandare, ta dawo da Turanci cike da baki. Ita ce ma ke riƙe da alƙalami yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, tana murguɗa mini baki. Ita ta ce wa ƙannenta tatsuniya ta jarirai ce, su kuwa inda ta sa ƙafa nan suke sawa. Sai in shimfiɗa tabarma in zauna, daga ni sai kyanwa.

Wata safiya babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, ya zo gaishe ni. Ya durƙusa, aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafar, ya ƙi tashi. Na san da magana.

“Inna, dama a kan rumfar nan ne.”

“Mi ta yi maka?”

“Ba ta yi komai ba. Talabijin nake son saya kafin a rantsar da sabuwar gwamnati, yaran nan su daina yawon gidan mutane. To duk gidan nan ba inda zai ɗauki kowa sai nan, ga shi kusa da wayar wuta.”

“Tabarmata fa?”

“Sai a matsar da ita ciki. Ai yaran ma sun daina zuwa, Inna.”

A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa, amma maganar ta soke ni. Na ce ya bar ni zuwa ranar rantsuwa. In ranar ta zo rumfata ba kowa, ni da hannuna zan naɗe tabarmar. Ya ce to, ya tashi. Ni kuwa a lokacin ban san abin da zan yi ba, bakina ne kawai ya riga ni.

Lokacin gari ya cika da hotunan 'yan siyasa, kowane bango an manna masa fuska. Ranar nan jikar tawa ta shigo daga makaranta tana ce wa ƙaninta an manna wani sabon kandidet a jikin zaurenmu.

“Ke, zo nan. Mi ne ne kandidet?”

“Ɗan takara mana, Kaka.”

“To ɗan wane ne? Daga wane gari ya zo?”

“Wa? Mutumin?”

“Kalmar.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Kaka, kalma ce fa. Kalma tana da uba ne? Tsufa dai ya fara taɓa ki.”

“Ja'ira, tsufan da ya haifi ubanki? Ke dai ce ba ki sani ba.”

Ta wuce tana dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na yi shekaru ina bin asalin mutane, ban taɓa cin karo da wanda ya faɗo daga sama ba. Don me kalma za ta faɗo?

A bayan layinmu akwai wata Malama, mutuniyar Filato, Kirista. Turanci ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Aikin gwamnati ya kawo mijinta Katsina, ya rasu a nan, 'ya'yanta suka yi ta fama ta koma gida ta ce ita ta zama Bakatsiniya. Wurina take sayen daddawa. Ran Kirsimeti ta aiko mini shinkafa, ran Salla in aika mata waina. Na ɗauki ƙwaryar fura na tafi. Na tarar da ita tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi na Jos, sannan na ce:

“Malama, bincike na zo. Wata kalma ce ta shigo mini gida, ina son in san iyayenta.”

Da na faɗi kalmar sai ta ture farantin wake gefe ta tafa hannu.

“Wayyo Mama! Abin da na fi so ke nan a duk karatuna, amma jarrabawa ba ta tambayarsa. Gyara zama.”

Ta ce kalmar ba Bature ya haife ta ba, riƙo aka ba shi. Asalinta mutanen Rum ne na can da. A wurinsu in mutum yana neman sarauta daga hannun jama'a, sai ya sa farar riga, ya goge ta da alli har ta riƙa ɗaukar ido, ya shiga kasuwa yana gaida mutane. Ma'anar kalmar a harshensu, mai farin kaya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce ashe wannan gaishe-gaishen na masu neman ƙuri'a tsohon ciwo ne.

“Sanata fa?” in ji ni.

“Tsoho. Majalisar tsofaffi ce.”

“To ai ni ma sanata ce, ba a dai kawo mini motata ba. Minista fa?”

“Mai hidima. Bara, wanda ake aike.”

“Malama, ji tsoron Allah!”

“Ina jin tsoronsa, Mama. Haka yake.”

Ranar ba ta dafa waken ba sai bayan la'asar.

Daga nan kusan kullum da hantsi ina gidanta. Yadda nake binciken aure haka na yi wa kalmomin nan. Wa ya haife ta? A wane gari? Ta wace hanya ta iso hannun Bature? In Malama ta ce ba ta da tabbas, sai in ce a ajiye wannan, ba na ɗaukar asali da ƙila. Na samo cewa gwamna matuƙin jirgin ruwa ne. Soja sunansa daga wani kuɗin zinariya ya fito, wanda ake biyan mayaƙa da shi. Balot, wato ƙuri'a, ɗan ƙaramin ƙwallo ne da ake jefawa a tukunya, fari in ka yarda, baƙi in ka ƙi. Kamfani, mutanen da ke cin gurasa tare. Asibiti, masaukin baƙi. Biskit, abin da aka gasa sau biyu. Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne sukari. Ta ce wanda Bature ke faɗi da namu duk ta hannun Larabawa suka biyo, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce ashe shi ma Bature aro yake yi, yana ta yi mana yanga da kayan mutane.

Tunda ba rubutu na iya ba, a hanyar gida nake maimaitawa, ina yi wa kowace kalma jiki da tufafi. Ina ganin mai farar rigar nan yana ratsa Babbar Kasuwa, alli na tashi, 'yan koli na atishawa. Washegari in mayar wa Malama ta saurara, ta cire abin da ba ya ciki.

“Mama, ba kura a labarin nan.”

“Ƙarama ce fa, a gefe take tsaye.”

“Ko a gefe babu. Fitar da ita.”

Sai in fitar, ina ƙunƙuni.

Da na tara abin da ya ishe ni, wani almuru na soya gyaɗa da gishiri, na kira ƙananan. Gyaɗar ta kawo su, ba ni ba. Na gyara murya na ce ga ta nan, ga ta nanku. Suka amsa da baki cike. Na ba su labarin mai farar riga, na bi da na ƙwallon tukunya, da na sanata da ke nufin tsoho. Wallahi sai ga shi an daina tauna. Ƙaramin jikana, wanda nake kira maigidana, ya matso har ya hau cinyata. Babbar kuwa tana bakin madafa, wai wanke-wanke take yi, kwano ɗaya take ta juyawa. Na ce a raina, na kama ki. Da na gama sai na rufe yadda kowace mai tatsuniya ke rufewa, yadda bakina ya saba tun ina yarinya. Na ce ƙurunƙus, da ma ƙarya ce na shirga muku.

Sai ja'irar ta ajiye kwanon.

“Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa. Kaka ta gama da kura da dila, yanzu ta koma yi wa Turanci ƙarya. Ku je ku faɗa a makaranta a yi muku dariya.”

“Ke, gaskiya ce tsantsa!”

“To me ya sa kika ce ƙurunƙus?”

Yarinya ta kama ni da bakina. Ni! Yaran suka watse suna dariya. Washegari duk suna gidan maƙwabci, kuma na samu sabon suna, in sun wuce ni su sara su ce ranki ya daɗe, Sanata.

Na kai wa Malama ƙara. Ta ce abu mai sauƙi, bari ta ɗauko babban ƙamus ɗinta ta zo gidan ta nuna musu baƙi da fari. Na ce a'a. In littafi ya zo, littafin za su yarda da shi, gobe su kwaso tambayarsu su kawo gidanki, ni kuma in naɗe tabarma. Ta ce ashe kishi gare ni. Na ce ƙwarai, da yawa ma.

Na yi kwanaki ina juya abin. Sai ina tsakar dakan daddawa na gane. Ba kayan ne suka ɓaci ba, ƙofar da na shigo da su ce. A wurinmu tatsuniya da dare ake yi, kuma kowa ya san ƙarya ce mai daɗi, shi ya sa ake buɗe ta a rufe ta da abin da aka saba. Asali kuwa da rana ake kawo shi, a gaban manya, ba a yi masa ga ta nan. Kuma duk gidan nan an san ni da abu ɗaya: ban yarda a yi tatsuniya da rana ba. An ce mai yin haka ɓata yake yi a hanya, ni kuma haka na taso na ji, haka na riƙe. Ita kanta babbar jikar na taɓa murɗe mata kunne a kan haka tana ƙarama, har uwarta ta yi fushi da ni.

Ranar Asabar ce, bazara ta kai bazara, an ɗauke wuta, ba talabijin a ko'ina. Kowa na tsakar gida yana fifita. Rana na tsaka na shiga ɗaki, na ɗauko mayafin da nake sawa in zan kai rahoton bincike gidan amarya, na yafa. Na fito na shimfiɗa tabarma, na zauna tsaf, na yi sallama da ƙarfi kamar na shiga gidan mutane. Surukata ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

Na ce, “An aike ni, na je, na tambaya. Ga abin da na samo a kan sukul, wadda kuke ce wa makaranta. Wasu mutane ne suka haife ta, ana ce musu Girkawa.”

Maigidana ƙarami ya sheƙo da gudu ya toshe mini baki da hannu.

“Kaka, rana ce! Za ki ɓace!”

Na cire hannunsa. “Angona, mai tatsuniya ke ɓacewa. Ni asali na kawo.”

Na ci gaba. Na ce a harshen mutanen nan, ma'anarta hutu. In mutum ya gama aikinsa ya samu sarari, sai ya je ya zauna a inuwa wurin masu sani ana hira, ana tambaya ana amsawa. Wannan zaman hutun shi ya yi tafiya gari zuwa gari har ya zama abin da ake tashinku da asuba dominsa.

“Hutu?” in ji wata ƙanwar babbar. “Da bulalar da komai?”

“Bulalar a hanya aka tsince ta.”

Tsakar gida ta kaure da dariya, har surukata. Babbar ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da mafici a hannu tana kallona.

“Kaka, rantse.”

“Ba na rantsuwa a kan abin da na bincika. Ɗaga kanki ki dubi rana.”

Ta ɗaga kai, ta sauke, ta dubi mayafin. Hannunta ya kai kan kunnenta, ban sani ba ko ta san ya kai. Sannan ta zo ta zauna a bakin tabarma, can ƙarshe, rabin jikinta a ƙasa.

“To windo fa?”

“Taga? Idon iska. Mutanen wata ƙasar sanyi suka haife ta, masu yawo a jirgin ruwa. Huda ce suke yi a rufin ɗaki.”

“Bajet fa? Kullum sai an faɗe ta a rediyo.”

“Wannan ban je gidansu ba tukuna. Ba ni zuwa jibi.”

Ta ƙura mini ido, sai ta fashe da dariya. Daga baya ta ce mini wannan ce ta gama da ita, don in da ƙarya nake shiryawa da nan take na shirya wata. Jibin na kawo mata: 'yar jakar fata ce, irin wadda dukawa ke ɗinkawa. Kafin sati ya zagayo, yara sun mai da ni kamar mai awo. Kowa ya dawo makaranta da kalmarsa a hannu, har da 'ya'yan mai talabijin. Wata kalmar Malama ta sani, wata ta ce sai ta duba, wata kuma mu rasa iyayenta gaba ɗaya, in dawo in ce musu wannan ba a san asalinta ba, ban ba ku shawarar ku aure ta ba. Tatsuniyar ma ta dawo da kanta. In an gama asali da la'asar, da almuru sai ƙananan su ce to yanzu a yi ta ƙaryar.

Ana gobe rantsuwa ɗana ya shigo da talabijin a kwali. Ya dubi rumfa, ya dube ni, ya ce na gobe kawai, Inna, saboda jama'a. Na ce bismilla. Da safe aka ɗora shi bisa tebur. Allah ya sa akwai wuta. Gida ya cika, maƙwabta mata da yara, abokan ɗana biyu, ga Malama ta zo da kujerarta ta roba da biskit a leda. Ni ina kan tabarmata, ban matsa ko taki ɗaya ba.

Ana fara Turanci a akwatin nan yara suka juyo.

“Kaka, firesiden fa?”

“Mai zama a gaba.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Kamar limami, kamar direba.”

Aka nuno soja suna fareti, maigidana ƙarami ya miƙe ya ce ga 'yan zinariya nan. Aka nuno wani babban mutum cikin farar riga, yara suka haɗa baki wai ya shafa alli. Wata maƙwabciya ta ce wane alli, sai yara uku suka hau ba ta labari a lokaci guda, kowa na gyara wa ɗan'uwansa. Malama ta ce an tsallake wani wuri, na ce ba a tsallake ba, muka kama gardama ni da ita, tana cewa Bakatsiniya ba ta karɓar gyara, ina cewa ai ita ma ta ce ta zama ɗaya. Babbar jikata na tsakiya tana raba mu.

“Don Allah ku yi shiru!” in ji ɗana. “Ana rantsar da shugaban ƙasa!”

Kowa ya juya ga akwatin. Sai wani yaro ya ce a hankali, “Kaka, fareti fa?” Aka sake ɓarkewa.

Ɗana ya miƙe, ya zare waya, ya rungumi talabijin ɗinsa.

“Wannan rumfar ba ta kallo ba ce. Ba a jin komai a nan!”

Ya wuce falonsa, abokansa na biye da shi da tebur. Yara suka kasu biyu, wasu can wasu nan, amma na can ɗin ba sa daɗewa, da sun cafko kalma sai su sheƙo da ita kafin ta zube. Ni da Malama muka ci biskit ɗinmu. Na yi guɗa ɗaya, doguwa, matan unguwa suka ɗauka ta sabuwar gwamnati ce, suka taya ni.

Bayan la'asar, baƙi sun watse, ina zaune yara sun kewaye ni, sai ga ɗana. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya yi mini sannu da hidima, ya tambayi ƙafar. Ya ce talabijin dai ya ga ya fi zama daidai a falo. Na ce Allah ya sa alheri. Bai tashi ba. Ya waiga ya ga ko matarsa na ji, ya rage murya.

“Inna, wai darakta fa? Mai gidanmu a ofis. Mi ne ne asalinsa?”

Yaran suka kwashe da dariya. Na ce zan je in bincika masa. In ya tashi zuwa jin amsa kuma ya taho da kujerarsa, don tabarmar ba wuri.